DILLALIN JAMI'A, WA KAKE YI WA CINIKI?

Jama'a, ku kasa kunne. Yau maganar kuɗi ce, kuma kuɗin da sunanku aka karɓo shi.

Duk mai bin hanyar Tafawa Ɓalewa a nan Kaduna ya san ƙofar Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Wanda kuma fatauci ke kai shi Zariya ya san Samaru da Kongo, gidajen Jami'ar Ahmadu Bello. In kun lura, a irin waɗannan wurare ba a rasa wani allo mai fenti gaban gini, an rubuta da Turanci cewa wata hukuma ce ta ba da kuɗin aikin. Ba a kuma rasa farar mota mai tambari a jikin ƙofa. Talaka ya gani ya wuce, ya ce wannan sha'anin 'yan boko ne, ina ruwan biri da gada. To, da ruwanka, ɗan'uwa. Da ruwanki, ke mai kasa tumatir a Kawo.

A jami'a akan sami ofis, ko wani babban malami da aka naɗa, mai kula da kuɗin da ke shigowa ta wata ƙofa dabam da kasafin gwamnati, watau daga gidauniyoyin ƙasashen waje, da Bankin Duniya, da kamfanoni, da asusun ilimi na tarayya. Kowace jami'a da sunan da take kiran ofishin. Mu dai bari mu kira mai shi Daraktan Tallafi. Shi ke jin inda kuɗi yake ya sanar da malamai. Shi ke duba takardar neman kuɗin kafin Shugaban Jami'a ya sa hannu. In kuɗin ya zo, shi da Ma'aji ke lura da yadda za a kashe shi, a tara rasit, a aika wa mai kuɗi rahoto a kan lokaci. In rahoto ya makara, sauran kuɗin ya maƙale. Aiki ne mai nauyi, ban raina shi ba.

Ku da kuke kasuwa kun riga kun san sunan wannan mutum. Dillali ne. Ba zagi na yi ba, don ba dillali da ba a yi ciniki a Zangon shanu na Tudun Wada ba. Amma kun san dillali iri biyu ne. Akwai wanda zai faɗa wa mai saniya gaskiyar abin da aka taya, ya karɓi la'adarsa a fili. Akwai kuma wanda zai ja mai saye gefe su yi ƙus-ƙus, mai saniya yana tsaye a rana bai san nawa aka sallama ba.

Mene ne hajar da ake kai wa mai kuɗi? Ni akawu ne, na sha ganin irin waɗannan takardu, kuma shafin farko kusan kullum ɗaya ne. Mutanen Arewa matalauta ne, mata na mutuwa wajen haihuwa, yara ba su zuwa makaranta, gona ta gaji. Duk gaskiya ne. Amma ku gane cewa wahalarku ita ce hajar. Ba don ita ba, da ba wanda zai aiko ko anini daga Landan ko Washintan. Tun da haka ne, ku ne masu saniya, kuma mai saniya yana da ikon ya tambayi nawa aka taya.

MAI BIYA SHI KE ZAƁEN TAMBAYA

Wannan ciniki ba yau aka fara shi ba. A 1959 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin wani Bature, Sir Eric Ashby, don ya duba irin ilimi mai zurfi da Nijeriya za ta buƙata bayan mulkin kai. Mutum tara ne, uku daga Ingila, uku daga Amurka, uku 'yan ƙasa, cikinsu har da Shettima Kashim Ibrahim na Barno. Wata gidauniyar Amurka mai suna Carnegie ita ta ɗauki nauyin aikin. Rahoton ya fito a 1960, yana kuma cikin abin da ya share hanya aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba 1962. Ku duba fa, tun kafin a raɗa wa jariri suna, shida cikin taran da suka zauna a kan maganarsa baƙi ne.

Da aka buɗe, sai hukumar taimakon ƙasashe ta Amurka, wadda ake kira USAID, ta ɗauko Jami'ar Jihar Kansas ta haɗa ta da sashen aikin gona da na likitan dabbobi a Samaru, ta ɗauko Jami'ar Pittsburgh ta haɗa ta da Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo. Gidauniyar Ford ita ma ta zuba nata. Ba zan yi butulci ba. Likitocin dabbobi da malaman gona na farko da Arewa ta yi alfahari da su, da yawa daga wannan shuka suka fito. Sai dai kada a manta, a irin wannan kwangila kaso mai yawa yakan tafi ne ga albashin baƙin malaman, da gidajensu, da kuɗin jirginsu, da kayan aikin da aka sayo a ƙasarsu. Adadin da aka faɗa a rediyo dabam, wanda ya kwana a Zariya dabam.

Sa'an nan ku dubi Kongo. Aikinta tun kafin jami'a shi ne horar da ma'aikatan En'e, akawuna da ma'aji da ma'aikatan kotu. A cikin waɗannan shekaru kuwa kotunan En'e da 'yan doka suna ɗaure 'yan NEPU don sun yi lacca ba izini. An koya wa mai karɓar haraji yadda zai rubuta shi daidai. Madalla, na san darajar littafi mai tsabta, da shi nake cin abinci. Amma wa ya kawo kuɗi daga ƙetare don a koya wa mai biyan harajin yadda zai tambayi inda kuɗinsa ya shiga? Gwamnati ce ta roƙa, abin da gwamnati ke so kuma shi aka ba ta.

Kada ku ce na ga baƙi kawai. Ga wani labari daga Samaru ɗin nan da ya kamata kowane manomi ya sani. Malaman gona sun daɗe suna ce wa talaka ya daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wai aikin jahilci ne, ya yi ta shuka iri guda a jere kamar yadda ake yi a Turai. A 1966 zuwa 1967 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, tare da ma'aikatansa 'yan ƙasa, a wani sashen bincike da Ford ta ɗauki nauyi, suka zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Ba su je koyarwa ba. Bin manoma suka yi ta yi, suna rubuta kwanakin aiki, suna auna abin da aka girbe. Da aka buga lissafi sai ga shi manomi ne da gaskiya. Gonar da aka haɗa amfani ta fi ba da riba a kowace eka, kuma in damina ta yi gardama wani ya ƙi, wani ya yi. Ashe kakanninmu ba wawaye ba ne.

Kuɗin Amurka ne a Kongo, kuɗin Amurka ne a Ɗan Mahawayi. Abin da ya raba su shi ne tambayar da aka sa kuɗin ya amsa, da wanda aka je wurinsa neman amsa. To, a cikin jami'a wa ke tsaye bakin ƙofa lokacin da ake tsara tambayar? Daraktan nan ne da shugabanninsa. In ya zama ɗan amshin shata, duk abin da mai kuɗi ke yayi a bana shi malamai za su rubuta. Bana a ce sauyin yanayi, kowa ya zama masanin sauyin yanayi. Baɗi a ce wani abu, kowa ya sake riga. Tsutsar da ke cinye masara, da tumatirin da ke ruɓewa tsakanin gona da Kasuwar Gumi, sai su jira ranar da wani a ƙetare zai tuna da su. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

KYAUTA CE KO BASHI?

Wannan ita ce tambayar da ɗan kasuwa zai fara yi, ita ce kuma allon nan mai fenti ba ya amsawa.

A 1990 gwamnatin Janar Babangida ta amince da rancen dala miliyan 120 daga Bankin Duniya don jami'o'in tarayya, a sayi littattafai da kayan ɗakin gwaji. Da sharaɗi aka bayar, a rage ma'aikata, a rage sassan da aka ce ba su biyan wahalarsu, jami'o'i su ƙara neman kuɗi da kansu. Malamai da ɗalibai suka tashi suka ce ba su yarda ba, aka kira su masu tayar da zaune tsaye. Laifinsu dai sun karanta takardar har ƙasa.

A 2014 Bankin ya sake dawowa da wani shiri na kafa cibiyoyin ƙwarewa a jami'o'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Nijeriya ta sami goma. Zariya ta sami cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, Jami'ar Bayero ta Kano ta sami ta noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Ayyuka ne masu kyau, irin waɗanda suka shafe mu. Amma kuɗin da ya isa jami'a kamar kyauta, Gwamnatin Tarayya rance ta karɓo shi, ko da mai sauƙin ruwa ne. Wa zai biya? Yaron da ke tura baro a Kasuwar Barci yana cikin masu biya, shi da 'ya'yan da bai haifa ba tukuna.

Har wa yau akwai wanda ake kira TETFund, wanda sunansa ke jikin gine-gine da yawa a manyan makarantun ƙasar nan. Wannan ma ba daga sama ya faɗo ba. Ƙungiyar malaman jami'a, lokacin da Attahiru Jega ke shugabanta, ita ta matsa a yajin aikin 1992, sai aka yi doka a 1993 cewa kamfanoni su biya kashi 2 cikin 100 na ribarsu don ilimi. A 2011 aka sake dokar aka keɓe asusun ga manyan makarantu, a 2023 harajin ya kai kashi 3. Kamfani kuwa ba daga aljihun mai shi yake biyan haraji ba. Yana cikin kuɗin buhun siminti, da katin waya, da sabulun da kike sarowa. Don haka in an tara ku ana yanke ƙyalle ana cewa ku gode wa wane, ku tuna da zubinku aka yi adashin.

LA'ADA DA BITA

Masu ba da kuɗi da yawa sukan yarda jami'a ta cire wani kaso don wahalarta, kuɗin wuta da ruwa da ofis. Wannan halal ne, la'ada ce. Tambayata ita ce kashi nawa ne, kuma ina yake shiga? Ɗakin gwaji yake komawa, ko kuwa sabon labule da kujeru a ofishin manya?

Sai kuma babbar rijiya, watau taron bita. Bari in ba ku abin da na gani da idona, ba zan kama sunan kowa ba. Wata innata mai sayar da daddawa da kuka aka zo rumfarsu aka ce wasu masu bincike suna son jin ta bakin mata 'yan kasuwa. Ta ce in raka ta tun da na yi makarantar Mishan ina jin Turanci. Muka je wani otal mai sanyi. Aka yi jawabai da Turanci tun hantsi har azahar, aka ɗauki hoto gaban wani ƙyalle mai rubutu, aka raba shinkafa a roba. Tambayar da aka yi wa matan ba ta kai shan ruwa ba. Da za a tashi aka kawo takarda kowa ta dangwala yatsa don karɓar kuɗin mota. Na duba sai na ga layin da ake rubuta adadin kuɗin fayau yake, ba kome. Na tambaya, aka ce za a cike daga baya. Inna ta yi asarar cinikin yini guda, har yau kuma ba wanda ya dawo ya gaya mata abin da aka gano.

Ban ce an yi sata ba. Mai yiwuwa an cike shi daidai. Abin da ke damuna shi ne ba ni da hanyar sani, ita ma ba ta da ita. Rahoto ya tafi ƙetare da hotonta a ciki. Bature ya ga lissafi, odita ya ga lissafi, mai daddawa ce kaɗai ba ta gani ba.

Wani zai ce ai gwamnati na sa ido. To, ku ji. A 2015 aka tilasta wa hukumomin tarayya su zuba duk kuɗinsu a asusun bai-ɗaya na Babban Banki. Malamai suka yi ta kuka cewa kuɗin bincike na maƙalewa a can, lokacin aiki na wucewa, masu bayarwa na fushi. Kukansu da gaskiya. A 2024 gwamnati ta amince a cire irin wannan kuɗi daga asusun. Mun yarda, aiki ba ya son jinkiri. Amma in an cire kwaɗo ɗaya daga ƙofar rumbu, ai sai a ƙara masu gadi.

GWAMNATI TA SAMI WURIN ƁUYA

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mahukunta ke fakewa da wannan kuɗi su yar da nauyin da ke kansu. A riƙa ce wa jami'a ta je ta nemo na kanta. Wanda ya kasa samu daga Bature kuwa, kun san wurin wa zai nema. A 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ɗaga kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna daga abin da bai kai naira 40,000 ba zuwa naira 150,000 ko fiye. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, iyaye suka yi roƙo. A 2023 Gwamna Uba Sani ya rage na 150,000 zuwa 105,000. Ku da kuka sayar da keken ɗinki ko kuka taɓa uwar kuɗi don yaro ya yi rajista, ba sai na ba ku labari ba. Tallafin waje yana iya sayen na'ura ya biya wa mutum biyar karatu a ƙetare. Bai taɓa biyan albashin malamai ko kuɗin makarantar dubban 'ya'yan talakawa ba, ba kuma don haka aka yi shi ba.

Ga shi kuma ba shi da tabbas. Ran 20 ga Janairu 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu aka dakatar da taimakon ƙasashen waje, kafin ƙarshen Yuli na shekarar kuma USAID ɗin nan da ta kawo mutanen Kansas Samaru ta daina aiki. Ba a shawarci kowa a Zariya ko Kaduna ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Darakta nagari tun ranar da ya karɓi kuɗi yake tambayar wa zai biya mai gyaran na'urar nan in shekara biyar ta cika. In ba amsa, ginin ya zama gidan ƙadangaru, motar ta zauna a kan duwatsu bayan ofis.

Na san abin da za a ce. Za a ce me ɗan kasuwa ya sani game da bincike. Lalle ba mu san sunan ƙwayar cuta da Turanci ba, ba mu kuma ce a ba mu mu duba ta a madubin likita ba. Amma matar da ke riƙe adashin mutum talatin a ka, ba ta taɓa ɓatar da zubin kowa ba, ta san shiga da fita. Za a kuma ce tambaya za ta kori masu taimako. Wane mai taimako ne na gaskiya zai gudu don an karanta lissafinsa? Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Malamai masu gaskiya kuwa, kuma suna da yawa, waɗanda ke kwana a ɗakin gwaji ba wuta, su za su fi kowa cin moriyar wannan magana, don yanzu shirun da ake yi ya sa ana yi musu kuɗin goro da masu bita.

Saboda haka, ranka ya daɗe Malam Darakta, abin da muke nema ba shi da yawa. Sau ɗaya a shekara a liƙa takarda a ƙofar jami'a, da Hausa da Turanci, a kuma karanta ta a rediyo. A faɗi wanda ya ba da kuɗi, da nawa ne, da ko kyauta ce ko rance, da sharaɗin da aka sa hannu a kai. A faɗi la'adar jami'a da inda ta shiga, da abin da bita da alawus suka ci. Duk garin da aka je aka yi wa mutane tambayoyi ko aka ɗebi jininsu ko ƙasar gonarsu, a koma a gaya musu abin da aka gano, da bakinsu. Sa'an nan a kwamitin da ke zaɓen abin da za a nema wa kuɗi, a ajiye kujera ga manoma da 'yan kasuwa, waɗanda ƙungiyoyinsu suka zaɓa, kada a ɗauko mana ɗan'uwan wani babba a sa masa hula a ce shi ne wakilinmu.

Ba alfarma muke roƙo ba. Tun 2011 akwai Dokar 'Yancin Samun Bayani, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takardunta, ba sai ya faɗi dalili ba, ta kuma ce a amsa cikin kwana bakwai. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Jami'ar gwamnati hukuma ce.

Na riga na tsara yadda wasiƙar za ta kasance, tana nan a ofishin jam'iyya. Duk wanda ya ga allon wani aiki, ya kwafo sunan aikin da shekararsa, ko ya sa yaronsa ɗan makaranta ya kwafo masa, ya kawo. Ni zan buga, ba ko kwabo, kuɗin kai wasiƙa kawai za a haɗa. Amsar da aka ba mu za mu buga ta a wannan shafi yadda ta zo, ba ragi ba ƙari. Ofishin da ya yi shiru kuwa, za mu buga ranar da wasiƙarmu ta isa hannunsa.

Akawun Jam'iyya,
Kaduna.